Garkuwar aro: yadda ake ƙara wa yaro imunogulobulin idan jikinsa ba ya ƙera nasa

Akwai yaron da uwarsa za ta ce lafiyarsa ƙalau har ya kai wata shida ko bakwai, daga nan kuma ba a sake hutawa ba. Kunne ya yi mugunya, a sha magani ya tsaya, bayan mako uku ya dawo. Sai ciwon huhu, a kwantar da shi, a sallame shi, kafin ƙarshen shekara a sake kwantar da shi. Wani har da sanƙarau. A gida a ce haƙori ne, ko iska, ko baki. A asibiti a gwada ƙanjamau da sikila, a ga babu, a rubuta wani maganin kashe bakteriya. A cikin irin waɗannan yara akwai kaɗan da ainihin matsalarsu ita ce jikinsu ba ya ƙera antibodi, wato makaman garkuwa da ke yawo a cikin jini suna manne wa ƙwayar cuta don fararen ƙwayoyin jini su gane ta su cinye ta. Sunan waɗannan makamai a likitance imunogulobulin, kuma wanda ya fi yawa a cikinsu, kusan kashi 75 cikin 100, shi ne IgG.

Wannan wata shidan na farko da aka yi lafiya shi ne babbar alama. A watanni uku na ƙarshen ciki, IgG na uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, don haka kowane jariri da guzuri yake zuwa duniya. Guzurin yana raguwa da rabi kusan duk mako uku, ya yi ƙasa sosai tsakanin wata uku zuwa shida. Jariri mai lafiya kafin lokacin ya fara ƙera nasa. Wanda ba zai iya ba, a nan asirin yake tonuwa.

Wani likitan yara na sojan Amurka, Ogden Bruton, shi ya fara bayyana cutar a 1952 a asibitin Walter Reed. Yaro ne ɗan shekara takwas da cuta ta yi ta shiga jininsa. Da aka rarrabe furotin ɗin jininsa, sai aka ga wurin da gama gulobulin, wato rukunin furotin da antibodi ke ciki, ya kamata ya fito fayau yake. Bruton ya riƙa yi masa allurar gama gulobulin a ƙarƙashin fata duk wata, cututtukan suka lafa. A 1993 aka gano ƙwayar gadon da ke da laifi, aka sa mata suna BTK. Maganin yau, asalinsa wannan dabarar ce: a ɗebo IgG daga ruwan jinin masu lafiya, a zuba wa wanda ba shi da shi. Abin da nake so iyaye da ma'aikatan jinya su riƙe shi ne cewa aro ne. Ba ya koya wa jiki ƙera nasa, kuma cikin mako uku zuwa huɗu yana raguwa da rabi. Duk ƙa'idojin da ke biye daga wannan suka taso.

Wane yaro ne yake buƙata

Ba kowane yaro mai ƙarancin antibodi ake ba wa ba, kuma a nan ake yawan kuskure ta ɓangarori biyu.

Cutar Bruton, wadda ake taƙaita sunanta da XLA, ba ta da gardama. Maza take kamawa, ta wajen uwa ake gadonta, kuma yaron ba shi da ƙwayoyin B, waɗanda su ne masana'antar antibodi: idan aka ƙirga ba sa kai kashi 2 cikin 100. Likita mai lura zai iya zarginta da tocila kawai, domin idan ya leƙa maƙogwaro zai ga 'ya'yan wuya babu su ko sun yi ƙanana ƙwarai, kuma duk da yawan ciwon kunne ba a jin kaluluwa a wuya. Akwai irinta da ke kama maza da mata, wadda sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, don haka an fi ganinta inda ake auren zumunci. Akwai CVID, wata cutar ƙarancin antibodi wadda ta fi bayyana a manyan yara da matasa, kuma ba a yanke hukuncinta kafin shekara huɗu. Ban da IgG, akwai wasu nau'o'in antibodi, IgM da IgA, kuma akwai cutar da IgM ke da yawa ko daidai amma IgG da IgA babu. Akwai kuma jarirai masu rashin garkuwa gaba ɗaya, SCID, waɗanda imunogulobulin tallafi ne kawai a gare su kafin dashen ɓargo. Waɗannan duka ana ba su, mafi yawansu har ƙarshen rayuwa.

Sai waɗanda ba a gaggawa da su. Wasu jarirai jinkiri kawai suke yi, IgG ɗinsu ya yi ƙasa amma suna amsa allurar rigakafi daidai, kuma yawancinsu suna daidaita tsakanin shekara biyu zuwa huɗu. Bibiya suke buƙata, wani lokaci da maganin kashe bakteriya na kariya. Wanda IgA kaɗai ya rasa, wannan magani ba nasa ba ne, domin kusan babu IgA a cikin kwalbar.

Kafin a ce gado ne, sai an kawar da abin da ya fi yawa a wurarenmu: ƙanjamau, tamowa, tarin fuka, sikila, da raunin garkuwa da ke biyo bayan ƙyanda. Yaro mai ciwon ƙoda da ke zubar da furotin a fitsari yana zubar da IgG tare da shi, haka mai zubarwa ta hanji. Wasu magungunan farfaɗiya irin su fenitoyin da kabamazefin suna rage shi, haka sitiroyid idan aka daɗe ana sha.

Jinin da za a ɗiba kafin kwalba ta farko

Da zarar an sa wa yaro kwalba ɗaya, jininsa ya gauraye da antibodin mutane fiye da dubu, domin daga ruwan jinin masu bayarwa aƙalla dubu ake haɗa kowane rukuni. Duk gwajin antibodi da aka yi bayan nan, nasu ake aunawa, kuma sai an yi watanni kafin ya wanke. Saboda haka komai tsananin gaggawa, a ɗebi jini tukuna, ko da ajiye ruwansa za a yi a daskare.

Ana auna IgG da IgA da IgM, a kwatanta da ma'aunin shekarun yaron. Abin da yake daidai ga ɗan wata biyar ƙaranci ne ga ɗan shekara biyar, kuma takardun sakamako da yawa ma'aunin manya suke bugawa a gefe. Ana ƙirga ƙwayoyin B da na T, wani rukunin fararen ƙwayoyin jini masu garkuwa. Ana duba ko ya amsa rigakafin da aka yi masa, kamar na tetanus, ko a yi masa allurar a sake aunawa bayan mako huɗu zuwa shida. Ana ƙara ƙirgar jini, aikin hanta da na ƙoda, rukunin jini, da hoton ƙirji.

Inda ba a auna IgG, akwai dabara mai sauƙi da kowane babban asibiti zai iya. A cikin gwajin hanta akwai jimillar furotin da albumin. A cire albumin daga jimillar, abin da ya rage gulobulin ne. A manya, ƙasa da giram 18 a lita ya isa a tura mutum gaba. A ƙananan yara ma'aunin ya fi haka ƙasa gwargwadon shekaru, amma a yi tunani: yaron da ya shekara yana fama da cuta, gulobulin ɗinsa sama ya kamata ya yi. Idan aka gan shi ƙasa, akwai magana.

Wani tarko kuma: gwajin ƙanjamau na tsinke antibodi yake nema. Yaron da ba ya ƙera antibodi zai iya ɗauke da cutar, tsinken ya nuna babu. Sai an yi gwajin PCR, mai neman ƙwayar cutar da kanta. Gwajin taifot na Widal ba shi da amfani a gare shi, ko kafin magani ko bayansa. Tsinken maleriya kuwa yana aiki, don shi furotin ɗin ƙwayar cutar yake kamawa.

Lissafin adadi

Ana farawa da miligiram 400 zuwa 600 a kowane kilo na nauyin yaro, duk mako uku ko huɗu, idan ta jijiya ne. A ɗauki yaro mai kilo 20, a miligiram 500: giram 10 ke nan. Maganin jijiya yana zuwa mai ƙarfin kashi 5 ko kashi 10 cikin 100. Mai kashi 10, kowace mililita 10 giram ɗaya ce, don haka yaron zai sha mililita 100. Mai kashi 5, mililita 200. A duba kwalba da kyau, rikita waɗannan biyun yana ninka adadin ko ya raba shi biyu. Kwalabe suna zuwa da giram 2.5, 5, 10 da 20, kuma a kan daidaita lissafin zuwa cikakkiyar kwalba. Idan ya ba da giram 9, a sa 10. Ba a ajiye ragowa, don babu sinadarin hana lalacewa a ciki, kuma zubar da giram ɗaya na wannan magani asara ce da ba ta da dalili.

Wannan adadin farawa ne kawai. Abin da ke nuna ko ya isa shi ne IgG da aka auna dab da za a sa sabuwar kwalba, lokacin da ya fi yin ƙasa. Sai bayan kwalba ta uku zuwa ta biyar yake daidaita, kafin nan kada a yi saurin yanke hukunci. A da giram 5 a lita ake nema, wato miligiram 500 a desilita a wasu takardun. A 2010 Jordan Orange da abokan aikinsa suka haɗa sakamakon bincike 17, suka ga duk ƙarin giram ɗaya a lita yana rage ciwon huhu da kashi 27 cikin 100, kuma wanda ke kan giram 10 haɗarinsa kusan kashi ɗaya cikin biyar ne na wanda ke kan giram 5. Shi ya sa yanzu aka fi neman giram 7 zuwa 10, musamman ga wanda huhunsa ya riga ya taɓu. Duk da haka yaron ake yi wa magani: idan lamba ta yi kyau amma yana ta kwanciya, a ƙara adadi ko a rage tazara daga mako huɗu zuwa uku. Uwa ce kan fara ganewa, za ta ce duk makon ƙarshe sai ya yi laushi, hanci ya fara zuba. A saurare ta.

Kuskuren da aka fi yi, kuma mafi sauƙin gyara, shi ne mantawa yaro yana girma. An rubuta giram 5 yana da kilo 10, ya kai kilo 16 ana nan kan giram 5. A ɗora shi a sikeli duk zuwa.

Ranar ƙarin ta jijiya

Yaron ya ci abinci, ya sha ruwa sosai tun daren jiya. Ƙarancin ruwa a jiki yana kawo ciwon kai, yana wahalar da ƙoda, yana kuma ɓoye jijiya. A auna zafin jiki, bugun zuciya, numfashi da hawan jini. Idan yana da zazzaɓi, a nemi dalili, a gwada maleriya, a fara maganin cutar, a jinkirta kwana ɗaya ko biyu. Dalili kuwa, sababbin antibodi suna karo da bakteriya masu yawa a jini lokaci guda, jiki ya rikice da karkarwa da zafi. Wannan ne ya sa kwalba ta farko ta fi kowace haɗari, har wasu likitoci kan raba ta kwana biyu.

A fito da kwalba daga firji ta huce da kanta, minti 30 zuwa awa ɗaya. Ba a sa ta a ruwan zafi ko a rana, ba a girgiza ta, don kumfa tana lalata furotin. A ɗaga ta a haske: ruwan garau yake ko ɗan rawaya-rawaya. Idan ya yi gurɓi ko akwai gudaji, a mayar. A rubuta sunan maganin da lambar rukuni da ranar ƙarewa a fayil da kuma littafin iyaye. Layinsa daban, ba a haɗa shi da wani magani, kuma wasu nau'o'in ba sa jituwa da ruwan gishiri, sai a bi takardar da ke cikin kwali.

Gudu shi ne komai. Mai kashi 10 ana fara shi da kusan rabin mililita a kowane kilo a awa. Ga yaronmu mai kilo 20, mililita 10 a awa na minti 30. Idan lafiya, a koma 20 na minti 30, sai 40 na minti 30, sai 80 har ya ƙare. Kusan awa biyu da minti ashirin ke nan. Kowane kamfani yana da iyakar gudunsa, kuma a karon farko gara a tsaya ƙasa da iyakar. A sake aune-aune duk lokacin da aka ƙara gudu. Injin turawa ya fi, domin mililita 10 a awa da ƙirgar ɗigo abu ne mai wuya. Inda babu, a yi amfani da layin yara mai ɗigo 60 a mililita, wanda a cikinsa yawan ɗigo a minti daidai yake da yawan mililita a awa, kuma wani ya zauna kusa, don yaro na motsa hannu gudun zai canja. In kwalba ta ƙare, a wanke layin ya shiga jiki. Layin ƙarin ruwa na yau da kullum yana riƙe mililita 15 zuwa 20, wato giram ɗaya da rabi zuwa biyu, kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da iyayen suka saya. Bayan na farko a riƙe yaron awa ɗaya, bayan sauran minti 20 ya isa.

Mafi yawan matsalolin daga gudu ne: ciwon kai, karkarwa, zazzaɓi, ciwon baya, tashin zuciya, jan fuska. A tsayar, a ba da farasitamol miligiram 15 a kowane kilo da maganin borin jini, a jira minti 20 zuwa 30, a ci gaba da rabin gudun da aka tsaya a kai. Sun fi zuwa a karon farko, ko an canja kamfani, ko an yi dogon fashi. Duk ɗayan ukun da ya faru, a koma gudun farawa kamar sabon shiga. Wanda ke samun haka kullum ana ba shi farasitamol da maganin borin jini minti 30 kafin a fara.

Mummunan bori, mai kumburin leɓe da shaƙewar numfashi da faɗuwar jini, ba kasafai yake zuwa ba, amma ba a buɗe kwalba sai adirenalin yana kan tebur an riga an lissafa shi. Miligiram 0.01 ne a kowane kilo, na mai ƙarfin miligiram ɗaya a mililita, a tsokar gefen cinya. Mai kilo 20, mililita 0.2. A rufe layin, ba a ci gaba a ranar.

Akwai waɗanda sai an koma gida. Matsanancin ciwon kai da sanƙarewar wuya da gudun haske cikin kwana ɗaya zuwa uku yana iya zama kumburin rufin ƙwaƙwalwa da maganin kan jawo, wanda ke wucewa da kansa, amma a yaron da ba shi da garkuwa ba a zama a gida a yi zato, sai likita ya kawar da sanƙarau na gaske. Fitsari mai duhu kamar shayi da rawayar ido da ɗashewa cikin kwana goma alamar fashewar jajayen ƙwayoyin jini ce, ta fi samun masu rukunin A, B da AB, kuma ta fi zuwa da manyan adadi. Raguwar fitsari alamar ƙoda ce, an fi ganinta da nau'in da aka haɗa da sukari irin na rake. Nau'in da ke da maltos yana ruɗin wasu injinan gwajin suga su nuna ya hau alhali bai hau ba. Mai sobitol kuma ba a sa wa jaririn da ba a tabbatar jikinsa yana narkar da sukarin 'ya'yan itace ba. Kuma gama gulobulin da aka yi don allurar tsoka ba a taɓa sa shi a jijiya: yana da dunƙulen furotin da ke tayar da mummunan bori, shi ne ma abin da ya hana amfani da jijiya har farkon shekarun 1980.

Ta ƙarƙashin fata

A ganina, ga yaro ƙarami da ke nesa da babban asibiti, wannan hanya ta fi, in dai ana samun nau'inta. Ann Gardulf da abokan aikinta a Suwidin suka farfaɗo da ita a 1991. Ana raba adadin wata gida huɗu a riƙa ba da shi duk mako, don haka IgG yana zama daidai, babu hawa da faɗuwa, ciwon kai da karkarwa suna raguwa sosai, kuma an huta da farautar jijiya. Wannan ya fi a dasa wa yaro bututu na dindindin a ƙirji, wanda ga marar garkuwa ƙofar cuta ce.

Yaron da ke karɓar giram 10 a wata zai karɓi giram 2.5 a mako. Mai ƙarfin kashi 20 yana zuwa giram 1 a mililita 5, giram 2 a 10, giram 4 a 20, sai a yi giram 2 wannan mako, 3 mako mai zuwa, ko 3 duk mako idan ana so a ɗaga shi. Ana farawa mako ɗaya bayan ƙarin jijiya na ƙarshe. Wurin sawa ciki ne ko cinya, nesa da cibiya da santimita 5, kuma idan allura biyu ce a bar santimita 5 tsakaninsu. Jariri mililita 5 zuwa 10 a wuri ɗaya, babban yaro zuwa 15, ana ƙarawa a hankali yadda fata ta saba. Allurar siririya ce mai fiffike, tsawonta milimita 4 zuwa 6 ga jarirai da ramammu, 9 ga masu jiki. A wanke hannu, a goge bakin kwalba da fata da sifirit a bari ya bushe. A cika bututun da magani amma a tsaya kafin ya kai bakin allura, domin ɗigon da ya shiga saman fata shi ke kawo ƙaiƙayi da ja. A tattaro fata a soka a miƙe, a manne, a ɗan ja sirinji baya. In jini ya fito a canja wuri da allura. Ana turawa da ƙaramin inji, akwai mai aiki da sifirin ba batir, ko da hannu kusan mililita ɗaya a minti.

Wurin zai kumbura kamar ƙwai, ya baje cikin kwana ɗaya ko biyu, kuma yana raguwa bayan watannin farko. Idan yana yoyo ko zafi ya yi yawa, yawanci allurar ta yi gajarta. Idan zafi ne mai zurfi, ta yi tsawo ta taɓa tsoka. Ja mai yaɗuwa da zazzaɓi bayan kwana biyu cuta ce, a je asibiti. Iyaye ba sa fara yi a gida sai ma'aikaciyar jinya ta ga sun yi da hannunsu sau da dama.

Ajiya ce matsalar. Wasu nau'o'in suna son digiri 2 zuwa 8, wasu suna jure har 25. A Sakkwato ko Maiduguri ko Damagaram, a watan Afrilu zafi yana wuce 40, don haka abin da takarda ta kira zafin ɗaki ba ɗakinmu take nufi ba. Firjin da wuta ke zuwa tana tafiya ba abin dogaro ba ne, kuma wanda ya daskare ya lalace ko da ya narke. Abin da ya fi shi ne a nemi izinin ajiyewa a firjin rigakafi mai aiki da hasken rana na asibitin unguwa, a ɗauko na mako a cikin kula mai riƙe sanyi, da tsumma tsakanin kwalba da ƙanƙara.

Abin da bai rufe ba

Zanen aro ba ya rufe katara. IgG kaɗai aka mayar, ban da IgA mai tsaron hanci da hanji, don haka ciwon hanci da zawon giyadiya suna iya ci gaba. A tafasa ruwan sha. Idan cuta ta zo, a fara maganin kashe bakteriya da wuri, a kuma tsawaita shi, kwana 10 zuwa 14 maimakon biyar. Tari mai majina da ya wuce mako huɗu yana son hoton huhu na siti sikan, saboda abin da ake gudu shi ne buɗewar hanyoyin iska na huhu, inda majina ke taruwa. Idan wannan ta faru ba ta komawa, imunogulobulin yana rage ci gabanta ne kawai, kuma sai an haɗa da bubbuga ƙirji kullum don fitar da majina. Duk shekarar da aka yi ana jinkirin gano cutar, huhu ne yake biya.

Kusan kashi biyu cikin uku na ruwan jinin da ake sarrafawa a duniya daga Amurka yake fitowa, kuma masu bayarwar can ba su san maleriya ba, don haka kwalbar ba ta kare yaro daga ita. Gidan sauro dole ne. Maganin kariya na damina da ake raba wa yara yana da amfani, amma ba a haɗa shi da maganin kashe bakteriya kotirimokzazol, don haka idan yaron yana shan wannan kullum a gaya wa masu rabon.

Maganin yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma tsadarsa tana da yawa, kuma Najeriya daga waje take shigo da shi. Lita ɗaya ta ruwan jini giram huɗu zuwa biyar kawai take bayarwa bayan an sarrafa ta a kamfani, sarrafawa kuma tana ɗaukar wata bakwai zuwa shekara. A sayi mai lambar NAFDAC ta hannun sashen magani na asibiti, don wanda ya kwana a shago cikin zafi ba a gane shi da ido. Idan kuɗi sun gaza, a faɗa wa likita tun da wuri. Rage adadi kaɗan da riƙe lokaci, tare da maganin kariya, ya fi a sa cikakke sannan a yi wata uku babu. Ledar ruwan jini ta bankin jini ba madadi ba ce ta gaskiya: don a samu giram 10 sai an zuba kusan lita guda, wanda ya fi ƙarfin zuciyar yaro mai kilo 20, kuma ba a bi ta da matakan kashe bairos da ake yi wa maganin kamfani ba.

Ɗigon shan inna

Wannan ya shafe mu kai tsaye, tunda har gida ake bi da shi. Ɗigon baki ƙwayar cuta ce mai rai da aka raunana. Ga sauran yara alheri ne, da shi aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da shan inna na daji a ranar 25 ga Agusta 2020. Amma yaron da ba shi da antibodi ba ya iya korar ta daga hanjinsa. Tana iya zama tana sauyawa har ta shanye masa ƙafa, kuma yana zubar da ita a bayan gida. An rubuta labarin wani mutum a Ingila da ya yi shekara 28 yana zubar da ita. Saboda haka ba a ɗiga masa, ba a kuma ɗiga wa yaran da suke gida ɗaya da shi, su allurar shan inna za a yi musu, wadda ke cikin jadawalin Najeriya tun 2015. Iyaye su karɓi takardar likita su nuna wa masu zagayawa, don kada a ɗauka ƙin rigakafi suke yi. Shi ma ba a yi masa allurar ƙyanda da ta shawara, masu rai ne, kuma kariyar ƙyanda tana cikin kwalbar da yake karɓa. 'Yan'uwansa kuwa a cika musu sauran rigakafinsu duka.

A cutar Bruton a tambayi uwa ko tana da 'yan'uwa maza da suka rasu suna ƙanana da ciwon huhu ko sanƙarau. A yi tambayar a keɓe, a kuma yi wa miji da danginsa bayani sarai cewa ita ma gada ta yi ba da saninta ba, don kada abin ya koma gori. Kowane ɗa namiji da za ta haifa yana da rabin yiwuwar kamuwa, kowace mace rabin yiwuwar ɗauka. Idan ta sake samun ciki, a shirya tun kafin haihuwa: in namiji ne a dakatar da ɗigon shan inna na ranar haihuwa, a ɗebi jini a ƙirga ƙwayoyin B a makon farko. Auna IgG a lokacin ba ya nuna komai, na uwa ne ke jikinsa. Idan ƙwayoyin B babu, a fara masa imunogulobulin a watannin farko, kafin guzurin uwar ya ƙare.